Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Hafsan Sojojin Sama: Littafi Biyu Baba Kwamanda Ya Bari

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya ƙara dafa maka a kan nauyin da aka ɗora maka.

Ni malamin makaranta ne a Zariya, labarin ƙasa nake koyarwa. Ban taɓa sa kaki ba, jirgin sama ma sau ɗaya na taɓa shiga, zuwa aikin Hajji. Don haka idan na yi tuntuɓen harshe wajen kiran wani muƙami ko sunan wani jirgi, a yi mini afuwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rasuwar ɗaya daga cikin mutanenka, tsohon matuƙin jirgin soja, maƙwabcinmu, wanda muka raka makwancinsa kwanakin baya. Iyalinsa sun roƙe ni kada in sa sunansa inda duniya za ta gani, domin shi ma da ransa ba ya son haka. Mu dai a unguwa Baba Kwamanda muke ce masa, yara da manya, har waɗanda aka haifa bayan ya ajiye kaki.

Zan fara da godiya. Ranar addu'ar uku mutanenka sun zo, sun cire takalma sun zauna kan tabarma kamar kowa, sun yi wa iyali ta'aziyya. Wani matashin hafsa ya miƙe da takarda ya karanta tarihin marigayin: shekarar da ya shiga aiki, jiragen da ya tuƙa, wuraren da aka tura shi, lambobin yabon da ya samu. Ya rufe da cewa ya yi ritaya cikin mutunci, sannan ya naɗe takardar. Wani dattijo da ke gefena ya sunkuyo ya raɗa mini, "To malam, ai daga inda yaron nan ya tsaya, daga nan mu muka san shi." Hafsan bai yi laifin komai ba, abin da ke cikin fayil ya karanta. Amma fayil ɗin ya ƙare ne da saura shekara ashirin da wani abu, kuma waɗannan shekarun su ne suka tara jama'ar da ta cika layinmu ranar jana'iza har aka rasa inda za a ajiye babur.

Bayan an watse, uwargidansa ta sa aka fito mini da wata akwatin ƙarfe. Littattafai ne a ciki, kashi biyu. Kashi na farko ka san irinsu fiye da ni: littafin da kowane matuƙi yake rubuta tashinsa da saukarsa, da kwanan wata, da lambar jirgi, da awoyin da ya yi a sama. Na yi dare uku ina bin shafukan.

Shi ɗan cikin birni ne, cikin ganuwa aka haife shi. Ya sha ba mu labarin yadda suna yara suke barin tallar da aka aike su, su yi ta tafiya a ƙasa har Palladan don su ga ƙananan jirage na tashi. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, kuma a watan Afrilun wannan shekarar ce aka yi dokar da ta kafa rundunarka, Jamusawa ne suka aza harsashinta a Kaduna, bayan an riga an tura 'yan farko horo Habasha da Kanada da Indiya. Yaron da ya tashi yana jin ƙugin jirgi kullum a saman gidansu ba sai an tambaye shi me yake so ya zama ba. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a ɗinki, ya ƙi.

Shafukan farko na Kaduna ne, a kan ƙaramin jirgin koyo ƙirar Birtaniya da ake kira Bulldog. Daga nan sai Kano, a kan L-29 na Chekoslobakiya, irin wanda Kanar Shittu Alao ya rasu a cikinsa a 1969 yana riƙe da kujerar da kake kai yau. Abokan karatunsa da yawa jiragen yaƙi suka nufa. Shi aka kai shi Ikeja, ɓangaren dakon kaya, kan C-130 mai inji huɗu. Yakan yi dariya ya ce su wancan dawakai aka ba su, shi jaki aka ba shi, kuma a ƙasar Hausa kowa ya san wanda ke kawo hatsi gida.

Daga 1990 sunan Manrobiya ya fara cika shafi, daga baya Firitawun ta biyo, lokacin da dakarun ECOMOG, rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka shiga Laberiya da Saliyo. A gurbin da ake rubuta kayan da aka ɗauka, tafiya sojoji ne da shinkafa da magani. Dawowa kuwa, sau da yawa kalma ɗaya ce da lamba a gefenta. Sai da na tambayi wani tsohon soja kafin na gane lissafin gawa ne. Shekara ashirin ina zama da mutumin nan a ƙofar gidansa bayan la'asar, ya ba ni labarin hazo da guguwa da yadda ake sauka a filin da ba fitila, amma bai taɓa buɗe baki a kan waɗannan lambobi ba.

Akwai rana ɗaya da kowa a unguwa ya san ba ya zuwa gona, ko da kuwa ana tsakiyar aiki: 26 ga Satumba. Yakan wuni da azumi, da yamma a dafa abinci a raba wa almajirai. A wannan ranar ce a 1992 C-130 ya tashi daga Legas zai zo Kaduna, ɗauke da hafsoshin da ke karatu a Jaji, injunansa suka gaza, ya faɗi cikin fadama a Ejigbo mintuna kaɗan da tashi. Sama da mutum 150 suka tafi. Ba shi ne a bakin aiki ba ranar, amma waɗanda ke gaban jirgin tare suke cin abinci. A littafinsa babu tashi a wannan rana. Layi kawai ya ja da fensir daga wannan gefen shafi zuwa wancan.

Wannan duka kuna da shi a rubuce, ranka ya daɗe, ko fiye. Kashi na biyun ne na tabbata ba ku da shi.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida, sai ya ce noma zai yi. Ya sayi gona a bakin Galma, ta hanyar Jos, gaba da Dakace. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: shekarunsa biyu na farko abin dariya ne, kuma mun yi dariyar. Ya zuba kuɗin sallamarsa a wata tsohuwar tarakta da ta fi daɗewa a wurin makanike a kan cikin gona. Ya gina ɗakin kaji, annoba ta share su cikin mako guda. Abin da ya fi duka, ya zauna da kalanda ya tsara ranar shuka kamar yadda ake tsara ranar tashin jirgi. Ruwa ɗaya ya sauka a ƙarshen Afrilu, washegari ya fito da ma'aikata aka shuka masara gona guda. Tsofaffin manoman wurin suna zaune gindin ɗorawa suna kallo, ba wanda ya ce uffan, wa zai gaya wa soja? Sama ta ɗauke kusan sati uku, tsiron ya ƙone ƙurmus. A majalisar masu shayi aka yi ta cewa jirgi daban, garma daban.

Wani da irin muƙaminsa da ya tattara ya koma Kaduna neman kwangila. Shi sai ya yi abu biyu. Ya je ya durƙusa gaban wani tsoho da ke maƙwabtaka da gonarsa, mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, ya ce, "Baba, ni ɗalibi ne, a koya mini." Sannan ya shiga zarya Samaru. Mu mutanen Zariya muna da wata baiwa da muka raina saboda kusa take: cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru tun 1922 take aiki, ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello da shekara arba'in, kuma irin masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga da ake shukawa a faɗin Arewa da yawansu daga nan suka fito, shi ya sa sunayensu ke farawa da SAM. Mutum ya taso daga Sakkwato ko Yola ya zo neman iri, mu da ke iya zuwa da kuɗin acaɓa ba ma leƙawa. Baba Kwamanda yakan zauna kan benci cikin manoma yana jiran malamin gona, da ɗan littafi a aljihun gaba.

Daga Samarun ya dawo da ma'aunin ruwan sama, ya kafa shi a tsakar gida nesa da indararo. Nan littafi na biyu ya fara. Da na buɗe shi sai da tsigar jikina ta tashi, domin da hannunsa ya ja layukan, kuma tsarinsu sak na littafin jirgi. Inda ake sa lambar jirgi ya sa sunan gona. Inda ake sa awoyin tashi ya sa milimitar ruwan da ya sauka. Akwai gurbin inda iska ta fito, da aikin da aka yi ranar, da abin da aka kashe har kuɗin goron ma'aikata, sai gurbin ƙarshe na abin lura. Ƙarfe bakwai na safe yake dubawa, kullum, damina bayan damina. Ranar da ba a yi ruwa ba ma sai ya rubuta sifili, ya ce ranar da ba a rubuta ba ba a san ko mantuwa ce ko fari ba.

A nan ne ni na shigo. Ina ɗan sakandare nake zuwa ƙodago gonarsa don in samu kuɗin littafi, kuma ba mu son aikinsa ko kaɗan. Sauran gonaki da dunduniya ake shuka, ka taka ka jefa ka rufe, kafin azahar ka karɓi kuɗinka. Shi kuwa igiya yake kawowa mai ƙulli-ƙulli: santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami. Taki ba a watsa shi a sama. Kamfa bayan kamar sati biyu da shuka, yuriya idan masara ta kai sati biyar ko shida, kuma kowanne sai ka tona ɗan rami gefen shuka ka zuba ka rufe, domin yuriyar da aka bari a fili rana da ruwa ne ke cinye ta, kai kuma ka biya. Kafin a fita shuka yana da takardar da yake bi layi-layi, irin wadda matuƙa ke karantawa kafin su tayar da inji: an gwada tsiron iri a tsumma mai laima? an wanke shi da magani? danshi ya kai zurfin tafin hannu? Idan ɗaya ya faɗi, a koma gida. Mun sha zaginsa a zuci. Yau da wannan igiyar nake shuka 'yar gonata.

Gonar da ya saya ƙuduji ya riga ya cinye ta, shi ya sa ma aka sayar masa da arha. Duk manomin Zazzau ya san wannan ciyawa mai jan fure da ke kama saiwar dawa da masara tana tsotsa, ga 'ya'yanta kamar ƙura, suna iya kwanciya cikin ƙasa shekara da shekaru suna jira. Abin da ya koyo shi ne a riƙa juya gona da waken suya, wanda ke sa 'ya'yan ƙudujin su tsiro su rasa abin kamawa su mutu, ya kuma bar wa ƙasa ƙarfi. Wanda ya fito kuma a tuge shi kafin ya yi fure, a fitar da shi bakin gona a ƙone. A littafin ana ganin yadda abin ya riƙa ja da baya damina bayan damina. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Masu wucewa kasuwa ne suka ga bambancin gonarsa da ta gefe, suka fara tsayawa.

Shekarar 2016 ba za ta fita ran manoma ba. Da rani wata ƙwaro ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, a shekarar kuma sabuwar tsutsar masara ta bayyana a ƙasar nan. Baba Kwamanda yana da al'adar zagaya gona da sassafe yana leƙa cikin kunnen masara, kamar yadda yake zagaya jirgi yana duba ƙafa da fiffike kafin ya hau. A yankinmu shi ya fara ganinta. Ya sa 'yan kaɗan a kwalba ya kai Samaru, ya dawo ya bi masallatai uku bayan sallar isha'i yana faɗa wa mutane su yi feshi da sassafe ko da yamma, su kuma saita bakin famfon cikin kunnen, inda take ɓuya. Waɗanda suka ji sun tsira da wani abu.

A hankali sai ya zama agogon unguwa. Ruwan Zariya yana kai wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, amma manomi ba jimla ce damuwarsa ba, damuwarsa yaushe ruwan zai zauna. Da an shiga bazara za ka ji ana tambaya a bakin masallaci, "Baba Kwamanda ya yi shuka?" Idan aka ce bai yi ba, sai mutum ya mayar da irinsa rumbu. Mutumin da aka yi wa dariya saboda gaggawa shi ya koma mai hana mutane gaggawa. Ba kullum yake dacewa ba, akwai shekarar da jinkirinsa ya ja mana asara, kuma ya rubuta hakan da hannunsa a gurbin abin lura: kuskurena ne.

Kada in zana maka shi kamar waliyyi. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Da aka ba shi shugabancin kwamitin iyaye da malamai na firamaren unguwa, ƙarfe huɗu na cika yakan sa a rufe ƙofa, har mai unguwa ya taɓa tsayawa a waje. Bashi ba ya yafe shi sai ka zo da bakinka ka ce ba ka da shi, a nan take zai soke, amma idan ka riƙa ɓuya zai aiko maka da takarda. Akwai waɗanda suka rabu da shi ba sa ga-maciji saboda irin wannan. Su ma na gan su a maƙabarta.

Sai dai ga tsohuwar a-kori-kurarsa, wadda makullinta ke rataye a ƙusa cikin zaure, ba a cikin gida ba, don kada a sha wahalar tashin iyali idan naƙuda ta kama wata da tsakar dare. Allah kaɗai Ya san mata nawa motar nan ta kai asibitin Shika, da gawa nawa ta ɗauko. Ƙanwata na cikinsu, da ranta aka dawo da ita da jariri. Katangar maƙabartarmu shi ya bi gida-gida ya tara bulo ɗaiɗai har ta zagaye. Zakkarsa a bakin gona yake fitarwa kafin buhu ya hau mota, ɗaya cikin goma na damina, ɗaya cikin ashirin na lambun da ya ba ruwa da inji.

Abin da na fi jinjina masa shi ne maganar burtali. Lokacin da kowa ke ƙara kunya biyu-uku cikin hanyar shanu, shi ya ja da baya ya bar ta yadda ya same ta, ya dasa bini-da-zugu a kan iyaka. Bayan girbi yakan aika wa Ardo cewa kara ya samu, a kawo shanu su kwana a gonar su bar taki. Da aka yi ɓarna a wata gona har samari suka fara ɗauko gora da adda, shi ya shiga tsakani da tsufansa, ya sa aka auna ɓarnar da igiyar shukarsa, aka yi lissafi, aka biya a gaban dagaci. Wani saurayi ya ce masa tsoro ne. Ya dube shi ya ce, "Yaro, ni na yi dakon abin da faɗa ke haifarwa." Iyakar abin da na taɓa ji ya faɗa game da Laberiya ke nan.

Duk ƙarshen zangon karatu kuma yakan cika motar da 'yan firamare, maza da mata, ya kai su bakin wayar filin jirgi na Palladan, inda shi ma ya tsaya yana yaro. Ya nuna musu yadda jirgi ke fuskantar iska kafin ya tashi, ya sa su faɗi sunan gajimaren da ke sama da ko yana ɗauke da ruwa.

To ga abin da ya kawo ni, ranka ya daɗe. Irin su Baba Kwamanda ba su ƙare ba tukuna, amma saura kaɗan. Akwai su a Zariya da Kaduna da Kano, da matuƙa da makanikai da masu loda kaya, waɗanda suka koyi aiki a hannun 'yan farko. Ina roƙon a tura matasan hafsoshi da na'urar ɗaukar magana su zauna da su, da Hausa ko duk harshen da tsohon ya fi sakewa a ciki, kuma kada a kashe na'urar idan aka zo ranar ritaya. A tambaye shi me ya yi bayan nan. Idan rundunar na da wurin adana tarihi, iyalin marigayin sun yarda a ɗauki hoton littattafan nan shafi-shafi, da sharaɗi ɗaya da uwargidan ta kafa kuma na goyi bayanta: ba za a ɗauki na jirgi a bar na ruwa ba. Na ruwan ma ina ganin malaman Samaru za su so shi, lissafin gida ɗaya na sama da shekara ashirin ba tare da tsallake rana ba ba abin yarwa ba ne.

Ɗaya roƙon ya fi wannan nauyi. Kusan duk sojan Arewa da ka tambaya me zai yi bayan ritaya, noma zai ce maka, kuma da yawansu tarakta da kaji suke cinye kuɗin sallamar kamar yadda suka cinye nasa, ba kowa ke da zuciyar durƙusa wa tsohon ƙauye ya sake farawa ba. Na san akwai cibiya a Oshodi da ke koya wa masu shirin barin aiki sana'a, Allah Ya saka. Amma ƙasar Legas ba ƙasar Zazzau ba ce, ruwansu ba namu ba ne. Daga sansaninku na Kaduna zuwa Samaru tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce. Me zai hana a ƙulla yarjejeniya, duk wanda ya ce noma zai yi a turo shi ya yi damina guda cur, daga sharar gona har girbi, tun kuɗin ba su shiga hannunsa ba? Ga cibiyar binciken dabbobi a Shika ga mai son kiwo. Shekara biyun da Baba Kwamanda ya yi asara, damina ɗaya a Samaru da ta ishe shi.

Shafin ƙarshe da ya rubuta da hannunsa rubutun ya karkace, da ƙyar na karanta: an yi yayyafi da asuba, iska daga kudu maso yamma, a jira. Daga washegari rubutun ya canja, na jikarsa ce 'yar aji biyar, wadda ya koya wa karanta ma'aunin tun yana iya fitowa tsakar gida. Har yau ita ke dubawa ƙarfe bakwai kafin ta tafi makaranta.

Akwatin tana wurin uwargidan. Wanda za a turo ya tambayi gidan Baba Kwamanda a bakin kowane mai shayi tsakanin Kwangila da Palladan, za a nuna masa. Idan kuma ana son ganin gonar, a zo kafin marka, domin daga Agusta hanyar ba ta biyuwa sai da babur.

Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan na Ejigbo da sauran waɗanda suka riga mu. Allah Ya ja zamaninka.

Naka,
Wani malamin makaranta, maƙwabcin marigayin,
Zariya.